Yadda za a tsara harajin AI kuɗin ya isa hannun mawaƙa, marubuta da masu zane

Maganar a sa wa abubuwan da AI ke ƙirƙira haraji a tallafa wa masu fasaha ta jima tana yawo, kuma duk inda aka tayar da ita za ka ji kowa yana cewa eh wallahi ya dace, amma da zarar ka tambaya to wa zai biya, nawa zai biya, wa zai karɓa, wa zai raba, sai wuri ya yi tsit. To a nan ne aikin yake. Idan kana cikin ƙungiyar marubuta ko mawaƙa ko masu zane ko 'yan fim, ko kai ne aka ɗora wa rubuta takardar buƙata da za a kai wa 'yan majalisa, ga yadda nake ganin ya kamata ku bi da abin, don kar ku sha wahalar fafutuka a ƙarshe a yi dokar da kuɗinta ba zai taɓa zuwa hannun mai zanen da ya rasa aiki ba.

Dalilin harajin dai ba ya buƙatar dogon bayani. Manhajojin nan da rubutu da hotuna da waƙoƙin mutane aka horar da su, mafi yawa ba a tambayi masu su ba, yanzu kuma sun dawo suna gasa da mutanen a kasuwa ɗaya. A Disamban 2024 ƙungiyar CISAC, wadda ta haɗa hukumomin karɓar kuɗin haƙƙin mallaka na duniya, ta fitar da hasashen cewa zuwa 2028 masu ƙirƙirar waƙa na iya rasa kashi 24 cikin 100 na kuɗin shigarsu, na ɓangaren fim da talabijin kuma kashi 21. Kamfanin Deezer ya ce a Afrilun 2025 waƙoƙi sama da 20,000 da AI ya haɗa ɗungurungum ake ɗora masa kullum, kusan kashi 18 na duk sabbin waƙoƙin da ke shigowa. Waɗannan biyun sun isa buɗe takardarku, kar ku cika ta da kuka, 'yan majalisa tsari suke so su gani.

Wa zai biya

Abu na farko da zai zo wa kowa a rai shi ne a sa haraji a kan kowane hoto ko waƙa ko rubutun da AI ya yi. Ku cire wannan daga ranku tun yanzu, ba zai yiwu ba. Ɗauki mai zanen bangon littafi, ta zana mutum da hannunta, ta yi awa biyar tana gyara inuwa da launi, sai a ƙarshe ta sa AI ya goge mata wata bishiya a baya ya cike wurin da sararin sama, to wannan hoton na AI ne ko nata? Marubucin da ya sa manhaja ta duba masa kuskuren rubutu fa? Wa zai zauna yana tantance wannan a biliyoyin abubuwa?

Kuma ko an ce a gano da na'ura, ganowar ba ta da tabbas. Akwai tsarin C2PA da Adobe da Microsoft da BBC da wasu suka kafa a 2021, yana maƙala wa hoto bayanin asalinsa, amma mutum yana ɗaukar sikirinshot ɗin hoton bayanin ya ɓace. Google na da SynthID da ke saka ɓoyayyen tambari, sai dai a kayan da aka yi da manhajar da ke amfani da shi kaɗai yake aiki. Shi kansa OpenAI, kamfanin da ya yi ChatGPT, a Yulin 2023 janye manhajarsa ta gano rubutun AI ya yi saboda yawan kuskurenta. Dokokin sa alama na da amfani, Chaina ta fara tilasta hakan daga 1 ga Satumban 2025, dokar AI ta Tarayyar Turai ma ta tanadi hakan, ku goyi bayansu don mai saye ya san abin da yake saye, amma kar ku ɗora harajin a kansu.

Inda za ku kama shi ne kuɗin shigar kamfanonin da ke sayar da manhajojin, wato kuɗin wata-wata da mutane ke biya, da wanda wasu kamfanoni ke biya don su jona nasu manhajojin da injin AI ɗin, da kuɗin talla idan manhajar kyauta ce. Farfesa Martin Senftleben na Jami'ar Amsterdam irin wannan ya ba da shawara a 2023, a karɓi kuɗi a dunƙule daga masu samar da manhajojin a raba wa masu fasaha. Kamfanonin ba su da yawa, suna da littattafan lissafi, ana iya bincikarsu.

Ku rubuta kuɗin shiga fa, kar ku rubuta riba. Da yawa daga kamfanonin nan a takarda asara suke nunawa saboda abin da suke kashewa a kan kwamfutoci, kuma ko an samu riba ana iya juya ta zuwa wata ƙasa mai sassaucin haraji. Sannan ku ce ana lissafi ne da inda mai amfani yake zaune, ko da kamfanin ba shi da ofis a ƙasar, kamar yadda Faransa ta yi da harajin kamfanonin intanet na kashi 3 a 2019, Ingila kuma kashi 2 a 2020. Ku sa iyaka ta ƙasa don kar a danne ƙananan masu tasowa. Faransa da ta sa wa manhajojin sauraron waƙa harajin kashi 1.2 a 2024, waɗanda cinikinsu a ƙasar ya wuce yuro miliyan 20 ne abin ya shafa.

Akwai ƙofa ta biyu da mutane ke mantawa, wato manyan masu amfani, kamfanonin talla da gidajen buga littattafai da na fim da na wasannin kwamfuta. Jamus tun 1983 tana da asusun inshorar masu fasaha, mai fasaha ya biya rabin kuɗin fanshonsa da na lafiya, sauran rabin gwamnati da kamfanonin da ke amfani da aikin masu fasaha su biya, su kamfanonin ana karɓar kusan kashi 5 na abin da suka biya masu aikin kansu. Tsari ne mai kyau, amma lura da abin da AI ya yi masa: kamfanin da ya ɗauki mai zane ɗan adam zai biya kashin nan, wanda ya sallami mai zanen ya koma AI ba zai biya ko sisi ba, ka ga an hukunta mai kirki an saki ɗayan. Saboda haka ku nemi abin da babban kamfani ya kashe wajen samar da hoto ko murya ko rubutu da AI shi ma a cire masa kaso.

Ku fayyace cewa AI mai ƙirƙirar rubutu, hoto, waƙa, murya da bidiyo kuke nufi. Na duba hoton asibiti ko hasashen yanayi ba ruwanku da shi, kuna haɗawa da su za ku tara wa kanku abokan faɗa a banza.

Sai kuma ku kiyaye kar dokar ta ambaci sunan wata na'ura ko manhaja. Amurka a 1992 ta yi dokar karɓar kashi 2 a kan na'urorin naɗar sauti na dijital da kashi 3 a kan kaset da faifan da ake naɗa a kai, a 1999 kotu ta ce na'urar MP3 ba ta ciki, mutane kuwa duk sun koma kwamfuta da MP3, kuɗin ya ƙafe. Kanada ma nata ya maƙale a kan faifan CD alhali kusan kowa ya daina saye. Ku siffanta aikin da abin yake yi, ko wane suna za a ba shi gobe.

Nawa, kuma ina za a ajiye

Ni a ganina ku fara da kaɗan, kashi 1 zuwa 3, tare da sharaɗin za a sake duba shi duk bayan shekara uku. Samun a kafa tsarin ya fi wuya, ƙari daga baya ya fi sauƙi. Kuma kar ku yi wa mutane ƙarya cewa kamfanoni ne kawai za su ji a jikinsu, Spotify ya ƙara farashi a Faransa bayan harajin 2024 kuma ya faɗi ƙarara cewa saboda harajin ne. Wani kaso zai faɗo kan mai amfani. Ku yarda da hakan a fili, ku ce wanda ke samun hoto a daƙiƙa goma maimakon ya biya mai zane, ɗan ƙarin nan bai yi masa yawa ba.

Babban sharaɗi shi ne kuɗin kar ya shiga baitulmalin gwamnati. In ya shiga can ya tafi kenan, a yi titi da shi a biya bashi, masu fasaha su zauna jiran kasafin kuɗi. Misalin da za ku nuna shi ne na Faransa, tun 1948 ake cire wani kaso daga kuɗin tikitin sinima, yanzu kashi 10.72 ne, yana tafiya ga hukumar fim ta CNC, har finafinan Amurka da aka nuna a can suna ciyar da masu shirya fim na Faransa. Ma'aikatar kuɗi a kusan ko'ina ba ta son a keɓe haraji ga abu ɗaya, ku shirya wa wannan gardamar.

A nan akwai zaɓin da sai kun zauna da lauya. Kuna iya tsara abin a matsayin diyya ƙarƙashin dokar haƙƙin mallaka, irin wanda Jamus ta fara a 1965 a kan rikoda, saboda ba za a iya bin kowa gida a hana shi kwafar waƙa ba sai aka ce mai sayar da na'urar ya biya. Amfanin wannan shi ne kuɗin haƙƙin masu fasaha ne, ba kyauta ba ce. Matsalarsa kuma yarjejeniyar Berne ta ƙasa da ƙasa a kan haƙƙin mallaka ta ce a ba marubucin waje irin haƙƙin da aka ba na gida, to idan mafi yawan abin da aka horar da AI ɗin da shi na ƙasashen waje ne, kaso mai tsoka zai iya fita. Ko kuma ku tsara shi a matsayin tallafin al'adu, kamar yadda wasu ƙasashe suka yi da kuɗin da ake ba marubuta saboda aron littattafansu a laburare, abin da Denmak ta fara a 1946. Wannan yana barin kuɗin a gida, amma ya fi jawo faɗan kasuwanci, kun dai ga yadda Kanada ta janye harajin kamfanonin intanet a Yunin 2025 da Amurka ta matsa mata. Ga ƙasar da ta fi saye fiye da sayarwa a harkar fasaha, ni na fi karkata ga a haɗa, wani kaso diyya wani kaso tallafi.

Rabon

Nan ne ƙungiyoyi ke watsewa, don haka ku gama shi kafin kuɗi ya zo, idan ya riga ya zo babu mai sauraron kowa.

Ba wanda zai iya ce maka wannan hoton da AI ya fitar kashi kaza daga aikin wane ne, injin ba haka yake aiki ba. Abin da ake iya sani shi ne wane aiki aka zuba masa, shi ma sai kamfani ya bayyana. Dokar Tarayyar Turai ta tilasta musu fitar da taƙaitaccen bayanin abin da suka yi horo da shi, ku kuma ku nemi fiye da haka, a ba wani mai bincike mai zaman kansa damar ganin cikakken jerin a asirce. Duba sulhun da kamfanin AI na Anthropic ya yi da marubuta a Amurka a 2025, dala biliyan 1.5 a kan littattafai kusan 500,000 da aka sauke daga shafukan satar littafi, kusan dala 3,000 kowane littafi. An iya raba wannan ne saboda akwai jerin sunaye, kuma littafin da ba shi da lambar shaidar littafi irin ISBN ko ba a yi masa rajista a ofishin haƙƙin mallaka na Amurka ba bai shiga ba. Wanda sunansa ba ya cikin wani kundi, ranar rabo ba a san da shi ba.

Shi ya sa bai kamata a raba duka bisa jerin horo ko bisa farin jini ba. In aka ce a bi yawan sauraro ko yawan sayarwa, manyan taurari da kamfanoninsu za su kwashe, alhali waɗanda AI ya fara cinye wa abinci ba su ba ne. Mai fassarar da a da ake ba ta littafi ta fassara, yanzu ana turo mata fassarar inji a ce ta ɗan gyara a biya ta rabi, alhali gyaran wani lokacin ya fi sabon aiki wuya don sai ta duba kowace jimla da asalin. Mai sa murya a talla. Mai haɗa kiɗan da ke tashi a bayan bidiyo. Mai ɗaukar hotunan da ake sayarwa a rumbunan hoto. Babu mai sanin sunansu kuma su ne abin ya fi duka.

Abin da zan ba da shawara shi ne a kasa kuɗin uku, ba lallai daidai wa daida ba. Kaso ɗaya na waɗanda aka tabbatar an yi horo da aikinsu, tare da iyakar abin da mutum ɗaya zai karɓa. Kaso na biyu, kuma ni shi nake so ya fi girma, na masu aikin fasaha da ke raye suna aiki yanzu: inshorar lafiya, fansho, ko wani ɗan albashi. Ireland a 2022 ta fara gwajin ba masu fasaha 2,000 yuro 325 duk mako, kuma da ƙuri'a aka zaɓo su daga cikin waɗanda suka cika sharaɗi, wannan ƙuri'ar tana burge ni ƙwarai don ta toshe ƙofar wa ka sani wa ya san ka. Na uku na sabbin ayyuka da koyar da masu tasowa, Faransa tun dokar 1985 take keɓe kashi 25 na kuɗin kwafi, wato diyyar da ake karɓa a kan na'urorin da mutane ke kwafar aiki da su don amfanin kansu, ga irin wannan. A cikin na ukun nan ku ware wa harsunan da ba su da yawan rubutu da fasahar baka rabonsu, tatsuniya da waƙen gargajiya ba su da mai rajista amma an kwashe su su ma. Ajantina tun 1958 take karɓar kuɗi a kan amfani da ayyukan da haƙƙin mallakarsu ya ƙare tana zubawa a asusun masu fasaha, ka ga karɓar kuɗi a kan abin da ba shi da takamaiman mai shi ba sabon abu ba ne.

Layi ɗaya da lallai ya shiga: rabon mai fasaha nasa ne, ba ya sayuwa, ba ya sallamuwa a kwantiragi. Idan babu wannan, gobe kamfanin buga littafi ko na waƙa zai ƙara sakin layi a yarjejeniya, matashin da ke neman a buga masa aikin farko ya sa hannu, shikenan.

Sai mazambata. Da zarar an ji akwai asusu, wanda ke fitar da waƙa ɗari a rana da AI zai zo ya yi rajista a matsayin mawaƙi. A 2024 an gurfanar da wani mutum a Amurka bisa zargin samun sama da dala miliyan 10 ta hanyar ɗora dubban ɗaruruwan waƙoƙin AI yana sa kwamfutoci suna saurare. Don haka kar a biya bisa yawan abin da mutum ya fitar. A nemi shaidar aiki, daftarin farko, fayil ɗin situdiyo mai muryoyi daban-daban, kwantiragi, rasit, sannan 'yan sana'ar su tantance, da damar ɗaukaka ƙara. Wanda ya yi amfani da AI a wani ɓangaren aikinsa kar a kore shi, in aka ce sai wanda bai taɓa shi ba sam, ƙarya kawai za a koya wa mutane.

Masu riƙe asusun kuma a ɗaure su da doka: iyakar abin da za su kashe a kan ofis da albashi, wa'adin biya, odita daga waje, a wallafa rahoto duk shekara kowa ya gani, a bayyana inda kuɗin da ba a samu mai shi ba zai tafi. Tarayyar Turai a 2014 ta ce hukumomin karɓar kuɗin haƙƙin mallaka su raba cikin wata tara bayan ƙarshen shekarar kuɗi. Rinjayen kujeru ya zama na masu fasaha da aka zaɓa, da wa'adi.

Abin da ba za ku bayar ba

Ranar da aka zauna teburin sulhu kamfanoni za su ce to mun yarda mu biya, amma daga yau duk abin da ke intanet halal ne mu yi horo da shi. Kuma suna da hujja, don kuɗin kwafi na Jamus da Faransa haka ya zo, an halatta kwafin amfanin kai aka biya diyya. Ni dai ina ganin kar ku yarda. Kwafar waƙa don ka ji a mota ba ta maye gurbin mawaƙin a kasuwa, AI kuwa yana yi. Ku rubuta ƙarara cewa biyan harajin ba lasisi ba ne, mai aiki yana da ikon cewa a'a, yana da ikon shiga kotu ko sayar da lasisinsa da kansa. Muryar mutum da fuskarsa kuwa su fita daga cinikin gaba ɗaya, a kan irin wannan ne 'yan wasan Hollywood suka yi yajin aikin kwana 118 a 2023, jihar Tennessee ta Amurka kuma ta yi dokar kare murya a 2024.

Za su kuma ce za su fice daga ƙasar. Barazanar ba wasa ba ce, Meta, mai Facebook, ya toshe labarai a Kanada a Agustan 2023 don kar ya biya gidajen jarida, amma a kan ita dai dokar da ta ce a biya gidajen jaridar, Google ya yarda zai riƙa biyan dalar Kanada miliyan 100 duk shekara. Ƙasa ɗaya ƙarama ana iya juya mata baya, shi ya sa ya kamata ku nemi takwarorinku na maƙwabtan ƙasashe ku kai buƙata iri ɗaya a lokaci ɗaya.

Kafin duk wannan, akwai aikin da ba sai an jira majalisa ba. Ku tura wa membobinku tambayoyi: aiki nawa ka samu a shekarun baya, nawa yanzu, nawa ake biya da, nawa yanzu, wane kwastoma ya ce maka ya koma AI, a ajiye saƙon a matsayin shaida. Kowa ya yi wa ayyukansa rajista, littafi ya samu ISBN, waƙa ta samu lambar shaidarta ta ISRC, mai zane ya adana fayilolinsa na asali da kwanan wata. Takardar da za ku kai kuma kar ta wuce shafi biyu, marubuta da mawaƙa da masu zane da masu fassara da 'yan fim duk su sa hannu a guda ɗaya, idan kowace ƙungiya ta kai tata da kaso daban za a ce ku je ku daidaita ku dawo, kuma a nan ake binne irin wannan ƙudurin.